Mushe, Kai Me Ka Karanta Bana?

Yau ba darasi na kawo muku ba. Labarin wata kunya da na ji zan ba ku, da abin da kunyar ta koya mini.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Kamar yadda kunka sani, mukan buɗe aji bayan an gama aikin kaka, mu rufe in hadari ya fara haɗuwa gabas. Mata suna zuwa bayan azahar, maza kuma bayan lisha.

Cikin ajin maza akwai wani dattijo da ya ba shekara 60 baya. Shi ne babba a cikinmu, kowa Baba yake ce mishi. Hannunshi ya saba da kalme, bik yana yi mishi wuyar riƙo. Amma bai taɓa fashin aji ba.

Ranar rufe aji, shekara 2 da sunka wuce, na tashi na yi musu jawabin da na saba yi. Na ce kada su aje karatu. Na ce su yi ta karanta duk abin da ya zo hannunsu, don ƙarfen da anka aje tsatsa yake yi. Na yi magana mai tsawo. Da na gama sai Baba ya ɗaga hannu.

Ya ce: "Mushe, kullum kana ce mana mu karanta. To, kai me ka karanta bana?"

Na yi murmushi, na ce: "Baba, ai na karanta Magana Jari Ce."

Ya ce: "Bara ma shi ka faɗa mana. Bana fa?"

Aji duka ya fashe da dariya. Ni kuwa yaƙe na yi, don ba ni da amsa.

Daren ƙidaya

Da na koma gida na kasa barci. Na fara ƙidaya da yatsu. Littafin koyarwa na karanta shi, don aikina ne. Takardun da ake aiko mana daga ofishi na karanta su. Saƙonnin waya kuwa kullum. Amma littafi guda, daga bangon farko zuwa na ƙarshe, wanda na karanta don kaina, ban samu ko ɗaya ba cikin shekarar. Magana Jari Ce ɗin ma, tun ina makarantar horon malamai na karanta shi. Ambaton shi kawai nake ta yi shekara da shekaru.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ban san haka ba. Da wani ya tambaye ni kafin ranar, da na rantse ni mai karatu ne. Ban yi niyyar ƙarya ba. Karatun ne ya janye sannu-sannu kamar ruwan tabki cikin rani, ni kuwa ban lura ba.

Da safe na tafi gidan Baba. Na iske shi yana gyaran rumbu. Bayan mun gaisa na ce: "Baba, jiya ka kama ni."

Ya ce: "Ɗana, ban yi don in kunyata ka ba. Zo ka gani."

Ya kai ni zaure, ya nuna mini bango. Akwai layuka da anka ja da gawayi, jeri-jeri. Ya ce kowane layi dami 10 ne na hatsi, kowane jeri kuma shekara guda. Tun bai san baƙi ko ɗaya ba yake jan su. Da su yake fidda zakka, dami 1 cikin 10. Da su yake sanin shekarar da gona ta yi kyau da shekarar da ta gaza. Ya nuna mini wurin da jerin ya fara gajarta shekara 3 a jere. Ya ce da ya ga haka ne ya gane gonar ta gaji, ya fara kai mata takin gida.

Ya ce: "Abin da ba ka ƙidaya ba, ba ka sanin ranar da ya fara raguwa."

Ranar kasuwar Tasawa na sayi kaye mai shafi 100 da bik guda. Kuɗinsu bai kai na tiya guda ta hatsi ba.

Yadda na tsara kayen

Na ba kowane wata shafi 2. Na rubuta sunan watan a sama. Na ɗora bakin wani littafi na ja layuka daga sama zuwa ƙasa, na raba shafin gida 5.

Gida na 1: ranar da na gama karatun.
Gida na 2: sunan littafin ko takardar.
Gida na 3: wanda ya rubuta shi.
Gida na 4: daga hannun wa na samo shi, ko ga hannun wa na ba da shi aro.
Gida na 5: abin da ya bar mini, layi ɗaya ko biyu, da bakina.

Gida na 5 shi ne mai wuya. Sunan littafi kwafewa ake yi. Amma kafin ka faɗi abin da ya bar maka, sai ka zauna ka yi tunani. In littafi ya yi mini daɗi ƙwarai, nakan yi mishi ɗan tauraro a gefe. Shafunan ƙarshe kuma na bar su don sababbin kalmomin da na tsinta.

Bazara: farawa da zafi

Na fara cikin watan Mayu. Na tafi wurin diraktan lakkwal na garinmu, na aro Ruwan Bagaja. Abubakar Imam ya rubuta shi a 1933, don wata gasar rubuta labarai da Hausa da anka yi a Najeriya. An haife shi a 1911, ke nan yana da shekara 22 lokacin. Da na lissafa haka na ƙara jin kunya, don na girmi shekarun nan nesa.

Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai magani. Ko'ina ya tafi sai ya gamu da Malam Zurƙe, su yi ta yi ma juna wayo. Dare 4 na yi ina karanta shi da tocila. Ga abin da na rubuta a gida na 5: "Na yi dariya har mai ɗakina ta farka. Wanda ya yi ma wani mugun wasa shi jira nashi." Na yi mishi tauraro.

Cikin watan Yuni na karanta wani ɗan littafi da anka ba mu a likita, a kan zawon yara. Shafinshi bai fi 12 ba. Na yi shakkar sa shi cikin kaye, ina ganin ya yi ƙanƙanta. Daga baya na sa. Na rubuta: "Ƙunshin garin nan na maganin zawo, cikin lita 1 na ruwa mai tsabta ake zuba shi. A yi ta ba yaro kaɗan-kaɗan, kada a daina ba shi nono." Da zawo ya kama ɗiyata cikin damina, layin nan na tuna, don hannuna ya rubuta shi. Mun yi haka, munka kai ta likita, Allah ya ba ta lafiya.

Damina: shafi 6 farare

Sai ruwa ya sauka. Shuka, noman fari, maimai. Ni ma manomi ne kamar ku. Nakan fita tun da asuba, in dawo jiki duk ya mutu. In na ci tuwo ko tocila ba na iya riƙewa. Kaye ya shiga akwati, na manta da shi.

Ban buɗe shi ba sai watan Oktoba, bayan mun ɗaure hatsi. Yuli fari fat. Agusta fari fat. Satumba fari fat. Shafi 6 babu ko ɗigo.

Zuciyata ta ce in yage su. Ta kuma ce in cika su da sunayen littattafan da na karanta tun da daɗewa, wa zai sani? Sai na tuna bangon Baba. Bai taɓa ƙara layi a shekarar fari don bangon shi yi kyau ba. Na bar shafunan yadda suke.

Amfanin su ya fito ranar da munka sake buɗe aji cikin watan Disamba. A ajin mata akwai wata mai tuyar ƙosai, ta ɗan girme ni. Cikin watan Mayu ita ce ta ɗaya. Tana karanta katin awon ɗanta, tana rubuta sunanta da na garinmu ba kuskure. Ranar nan na ba ta allo, sai ta tsaya. Ta kasa raba b da d. Ta kasa raba ɓ da ɗ. Ta aje alli, hawaye sunka zubo mata.

Ta ce: "Mushe, kaina ne ba ya riƙo. Gara in koma ga kaskona."

Na ɗauko kayena, na buɗe mata shafunan nan 6. Na ce: "Yaya, dubi nan. Ni da nake koya muku, wata 3 ban karanta komi ba. Ba kanki ba ne. Damina ce ta ci mu duka."

Ta duba, ta ce: "To, kai me ya sa naka bai gudu ba?"

Na ce mata nawa karatun ya yi shekaru, saiwarshi ta yi nisa cikin ƙasa kamar ta gawo. Nata kuwa dashen wata 5 ne. Dashe in ya yi wata 6 ba ruwa, dole shi yi yaushi. Amma bai mutu ba. Ta zauna. Cikin mako 3 baƙaƙenta sunka dawo.

Ƴan'uwa, wannan ita ce babbar asarar da muke yi. Mutum shi sha wuya rani guda, shi iya karatu. Damina ta zo, shi aje. In an sake buɗe aji sai shi ga ya koma baya, kunya ta kama shi, shi daina zuwa. Na sha ganin haka, ina cewa lalaci ne. Sai da na ga shafuna farare a kayena na gane inda ramin yake. Yana tsakanin Yuli da Satumba.

Dari: karatu a bakin wuta

Cikin watan Janairu na ce bari in biya bashin da Baba yake bi na. Na ɗauko Magana Jari Ce, littafi na 1. Littattafai 3 ne, na farkon ya fito a 1937, shi ma Abubakar Imam ya rubuta. Kowane dare, in saura kaɗan a tashi, nakan karanta ma aji labari guda, muna jin ɗumin wuta.

Cikin littafin, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗanshi Musa a gida. Waziri yana ƙulla mugunta. Aku ne yake tsare yaron da labarai, dare bayan dare, don kada shi fita shi faɗa tarko. Da na karanta shi ina saurayi, dariya kawai na gani. Wannan karon sai na ga wani abu daban. Tsuntsu ne ba shi da takobi ba shi da doki, amma ya tsare ran mutum da magana. Haka na rubuta a gida na 5. Ashe littafi guda yana iya ba mutum abu biyu, in ya karanta shi a shekaru biyu na rayuwarshi. Ba don na rubuta ba, da ban lura da canjin ba.

A nan zan ja hankalinku ga wani abu. Yawancin littattafan nan a Zariya anka buga su. Inda mu muke rubuta ƴ mai lanƙwasa, su 'y suke rubutawa, da ɗan waƙafi a sama. Kada wannan shi tsayar da ku, sauti ɗaya ne. Za ku kuma gamu da kalmomin da ba mu faɗi a nan. Inda muke cewa lakkwal, su makaranta suke cewa. Irin waɗannan nake tarawa a shafunan ƙarshe na kaye.

Littafin da ya ɓata

Ajinmu yana da ɗan akwatin littattafai. Da, in mutum ya zo aro sai in miƙa mishi, in ce zan tuna. Ba na tunawa. Haka littattafai sunka yi ta zurarewa. Akwai shekarar da na zargi wani maƙwabcina da riƙe littafi. Ya rantse, ban yarda ba. Mun yi wata 2 gaisuwarmu ba daɗi. Daga baya na tsinci littafin cikin jakata ta tafiya. Na ba shi haƙuri, ya haƙura, amma bai sake aron littafi wurina ba har yau.

Cikin watan Fabrairu wani ya zo neman Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, na Ahmadu Ingawa. Na duba akwati, babu. Wannan karon ban zargi kowa ba. Na buɗe kaye, gida na 4 ya nuna mini wani saurayi ne ya ara tun watan Nuwamba, kuma ya tafi cin rani. Na tafi wurin mahaifiyarshi, ta duba ɗakinshi, sai ga littafin a ƙasa bayan tukunya. Gara ta ci gefe guda, amma ana iya karantawa.

Tun daga ranar kowane littafi cikin leda yake tafiya. Akwatin kuma mun ɗora shi bisa duwatsu, nesa da bango. Littafi yana da wuyar samu a ƙauye. Wasu daga Katsina suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa, su iso Maraɗi, sannan su iso gare mu. Abin da ya yi wannan tafiya bai kamata shi ƙare cikin cikin gara ba.

Rani: littattafai biyu

Cikin watan Maris mai ɗakina ta miƙo mini wani littafi da ƙanwarta ta aiko mata daga Maraɗi. Sunanshi So Aljannar Duniya. Hafsatu Abdulwahid ta rubuta shi, ya fito a 1980. Labarin wata yarinya Bafillata ce da ta so auren wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Da, nakan ce irin waɗannan karatun mata ne, ba na ko duba su. Ta ce: "Tun da ka ce komi kana rubutawa, rubuta wannan ma." Na karanta. Na rubuta: "Na raina shi tun ban buɗe ba. Mace ta rubuta, kuma ta san abin da iyaye ba su tambayar ɗiyansu mata." Daren nan mun daɗe muna hira da ita, irin wadda mun jima ba mu yi ba.

Na biyu shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi lokacin yana malamin makaranta, ya fito a 1934. Shi ne daga baya ya zama firaministan Najeriya, anka kashe shi a 1966. Labarin wani yaro ne da anka sace zamanin bauta, anka ƙetare hamada da shi. Ya girma a can, ya zama babban malami. Mahaifiyarshi kuwa ta bar gida ta bi sawunshi, har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da bayi.

Kafin in faɗi abin da littafin nan ya yi mini, sai na gaya muku wani abu na gidanmu. Ina da ƙane da ya bi ta Agadas ya tafi Libiya neman kuɗi. Da farko yana kira kowane wata. Daga baya kiran ya yi wuya. A lokacin da nake ba ku labari, mun yi wata 5 ba mu ji muryarshi ba. Innarmu ba ta magana a kai. Amma in waya ta yi ƙara, ko ta wa ce, sai ta ɗaga kai.

Inna ba ta iya karatu ba. Cikin watan Afrilu, zafi ya hana kowa shiga ɗaki, muna kwance a tsakar gida. Ta ce: "Wannan da kake ta dubawa, karanta mu ji." Na fara karanta mata, dare bayan dare. Da munka kai wurin da uwar ta ɗaura niyyar bin ɗanta, sai Inna ta ce: "Tsaya nan." Na rufe littafi. Na yi nadamar farawa.

Washegari da dare ita da kanta ta ce: "Ɗauko, mu ji inda ta kai."

Munka ci gaba har wurin da uwa da ɗa sunka gamu bayan shekaru masu yawa. Na san abin da ke gaba, don na riga na leƙa: uwar ba ta daɗe ba ta rasu. Na yi shiru. Inna ta ce: "Karanta, ai ni ba yarinya ba ce." Na karanta. Ta daɗe ba ta ce komi ba. Can sai ta ce: "Ko ba komi, ta gan shi."

Daren nan ne ta fara yi mini maganar ƙanena. Ta faɗi abin da ta daɗe tana riƙewa, na saurara. Maganarta na rubuta a gida na 5, ban ƙara komi ba. Na yi tauraro 2. Ƙanena har yau bai dawo ba, amma yakan kira jefi-jefi. Allah shi maido mana da shi lafiya, da duk ƴaƴan jama'a da ke can.

Amsar da na ba Baba

Ranar rufe aji ta sake zagayowa. Ban yi dogon jawabi ba. Na buɗe kaye na karanta musu: littattafai 7, da ƙananan takardu 5, da wata 3 babu komi. Na ce wanda ya fi ba ni dariya shi ne Ruwan Bagaja. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne ɗan littafin likita. Amma wanda na fi so duk shekarar shi ne Shaihu Umar, don ya iske gidanmu a lokacin da muke bukatar shi. Ba don kaye ba, da Magana Jari Ce zan sake faɗi, don shi bakina ya saba da shi.

Baba ya yi murmushi. Ya sa hannu aljihu, ya fiddo nashi kayen. Ashe tun da ya ga nawa ya aika anka sayo mishi. Rubutunshi manya-manya ne, layi guda yana cin wurin layi 3. Ya karanta mana da kanshi, yana bi da yatsa. Rubutun buhun taki. Takardar lanho. Saƙon ɗanshi a waya. Ruwan Bagaja, shafi 20 cikin wata 2. A gida na 5, gaban takardar lanho, ya rubuta: "Na karanta da kaina, ban kira kowa ba."

Aji ya yi tsit. Daga nan anka tafa mishi.

Damina ta biyu

Tun da mun gane inda ramin yake, sai munka yi shawara kafin a watse. Munka raba kanmu uku-uku, maƙwabta da maƙwabta. Ranar Juma'a, da yake yawancinmu ba mu wuni gona, kowane uku za su zauna su karanta shafi guda, kowa shi rubuta layi guda cikin kayenshi. Mata sunka zaɓi tasu ranar. Munka raba littattafan akwati, na rubuta sunan kowa a gida na 4.

Ba duka sunka riƙe ba, gaskiya ita ce gaskiya. Wasu sun yi mako 3 sunka bari. Ni kaina shafina na Agusta layi 2 ne kawai. Amma layi 2 ya fi babu. Mai tuyar ƙosai kuwa ba ta fasa ko mako guda ba. Da anka sake buɗe aji, ita ta taimaka mini da sababbin shiga. Yanzu a bayan kayenta take rubuta masu cin bashin ƙosai.

Abin da nake roƙon ku

Ga damina ta sake matsowa. Kafin ruwan shuka shi sauka, ina roƙon kowane ɗayanku abu 5.

1. Ka sayi kaye, ko ƙarami ne. In babu hali, ka ɗinke ƴan takardu da zare.
2. Ka rubuta duk abin da ka karanta da kanka: littafi, jarida, wasiƙa, katin likita, rubutun buhu, saƙon waya. Babu ƙaramin karatu ga mai farawa.
3. Kada ka tsallake gida na 5. Ko kalma 3 ce, ta zama taka.
4. In wata ya wuce ba ka karanta komi ba, ka bar shafin fari. Kada ka yage, kada ka cika shi da ƙarya. Shi ne zai nuna maka inda kake faɗuwa.
5. In ka ba da aro ko ka karɓa, ka rubuta suna da rana. Yana tsare littafi, yana tsare zumunci.

Ranar 8 ga watan Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Tana faɗowa daidai lokacin da karatunmu yake yin rauni. Ku riƙe ta ranar duba kaye. In kun iske shafi fari, ku nemi maƙwabci ku karanta shafi guda tare kafin rana ta faɗi.

Ku kuma ƴan'uwana malamai, kada mu jira sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Mu tambayi kanmu tun yanzu.

In an rufe aji baɗi, ku buɗe kayenku, ku zaɓi karatun da kunka fi so, ku rubuto ma wannan jarida tamu sunanshi da dalili. Ko layi 3 ne, da hannunku. Wani a Tawa ko Damagaram zai gani, shi ma shi nemi littafin.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mana abin da munka koya. Amin.